Katin Auta a Aljihun Rigar Sanyi

Sufeto bai kai ga kurɓar shayinsa na safe ba wata dattijuwa ta shigo ofishin 'yan sanda, tana janye da hannun rigar mijinta. Shi kuwa dattijon tafe yake yana turjewa, fuska a murtuke. Saje, mataimakin Sufeto, ya san shi. Tsohon direban tirela ne da ya ajiye sitiyari, kowa Baba Direba yake ce masa.

"Ranka ya daɗe, sata aka yi mana," in ji matar.

"Ba sata ba ce," Baba ya katse ta. "Tarbiyya ce ta lalace. Sai da na ce mata kada mu zo mu tona wa kanmu asiri."

"Ku zauna, Mama. Baba, kai ma zauna. Wa zai fara?"

Mama ce ta fara, kuma ita ta ƙare. Autarsu tana karatun aikin jinya a ƙasar waje, saura mata zango ɗaya. Tsohon katinta na banki ya ishe ta da wulaƙanci: yau na'ura ta ƙi karɓa ga layin mutane a bayanta, gobe banki ya yanki ladan canji. Sai Baba ya shiga manhajar banki a wayarsa ya koma babban tsari, wanda ake biya duk wata. Aka ba shi sabon kati baƙi mai sheƙi, ya zuba kuɗin zangon ƙarshe a ciki. Ƙanensa mai shagon kayan waya zai je can saro kaya, sai aka haɗa shi da saƙo. Rigar sanyi ce Mama ta saƙa da hannunta, aka sa katin a aljihu.

"Daga nan waya ta fara kuka," in ji Baba. "An cire, an cire, an cire. Ƙanena ya rantse a hannunta ya damƙa katin. Ita kuma wai riga kawai ta gani. Ni na yanke hukunci. Ƙarshen wata ta tattaro kayanta ta dawo, karatu ya ƙare."

"Ko wayarta ya daina ɗagawa," in ji Mama. "Yarinyar da ko canjin cefane ba ta taɓa ci ba."

Sufeto ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya bi saƙonnin da yatsa.

"Shagon takalma. Gidan cin abinci. Shagon turare. Gidan cin abinci kuma. Mai katin nan ba ya wasa da cikinsa." Ya tsaya. "Shagon aski. Baba, Auta tana da gemu ne?"

"Ai abin da ya ƙona mini rai ke nan. Wani ƙato take yi wa hidima da gumina."

"Wa ya san lambar sirrin katin?"

"Daga ni sai ita. Ni mutum ne mai sirri."

Mama ta taɓe baki. Ta ɗaga kai tana kallon silin, Sufeto kuwa ya lura da kallon.

Da hantsi suka raka su gida. Ƙofar gidan kwaɗo ne mai lambobi. Baba ya sunkuya yana juya su yana faɗinsu da ƙarfi, har mai gyaran keke na tsallaken titi zai iya rubutawa in yana so.

A falo, saman talabijin, an rataye lambar wata mota cikin gilashi, an goge ta tas kamar takardar digiri. Sufeto ya karanta lambobin, ya waiwayi ƙofa, ya sake karantawa.

"Baba, buɗe mini wayarka."

Baba ya danna. Lambobin nan ne dai.

"Don Allah kada ka ce mini katin ma..."

"Lambar arziki ce," Baba ya ce yana buɗe ƙirji. "Tirelata ta farko. Da ita na gina gidan nan, da ita na yi aure. Me zai sa in nemo wata baƙuwar lamba?"

"Har akwatin maganinsa," in ji Mama daga ƙofar kicin.

"Ƙanenka ya san ta?"

"Shi ne yaron motata shekara da shekaru, shi ke wanke ta. Amma kada ka soma, Sufeto. Yaron nan a hannuna ya girma. Ba zai yi mini ƙarya ba."

Sufeto ya dube shi. Ya ji tausayin dattijon, don ya ga ko ta ina gaskiya ta ɓullo sai ta yi masa ciwo.

Da takardar izinin Baba a hannu, Sufeto da Saje suka wuce banki. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta tarbe su, kafin su zauna ta fara talla.

"Yallaɓai, kai wane tsari kake kai?"

"Na kyauta."

Ta dube shi kamar ya ce mata bai karya ba tun jiya. "Haba, babba kamarka. Babban tsari ba a yankar ladan canji a waje. In jakarka ta ɓata a jirgi, a biya ka. Ga shiga ɗakin hutun manyan baƙi a filin jirgi, kati kawai za ka nuna."

"Tsaya nan. Shiga ɗakin, kuna gani?"

"Muna gani. Kyauta ce, shi ya sa saƙo ba ya zuwa wa mai asusu."

"Duba mini katin nan."

Ta danna kwamfuta. "An shiga da shi sau biyu. Na farko a filin jirginmu na nan, kafin a kashe ko sisi a waje. Na biyu a can, ranar dawowa. Tun daga ranar katin bai sake motsi ba."

Saje ya yi murmushi. Auta dai ba ta taka filin jirgin nan ba tun bara.

"Yallaɓai, in buɗe maka babban tsarin?"

"'Yar nan, ni iyakar tafiyata gidan surukai. Can ma kyauta ake ba ni abinci."

Bayan azahar suka ɗauko Baba, suka ce masa za a je a rufe magana ne a gaban ƙanensa. Shagon na cikin layin masu kayan waya, caja da murafu rataye har rufi. Tun daga bakin ƙofa turare ya tare su. Ƙanen Baba, wanda 'yan layin ke kira Ɗan Gayu, yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, takalmi na walƙiya, gemu an zana shi kamar da ma'auni.

"Yaya, sannu da zuwa. Yallaɓai, bismilla. Wallahi maganar yarinyar nan ta hana ni barci. Yaran yanzu sai addu'a."

"A hannunta ka sa katin?"

"Hannu da hannu. Ni ko buɗe saƙon ban yi ba."

"Shi ke nan," in ji Sufeto, ya rufe littafinsa ya jingina da kanta. "Ni fa ban taɓa hawa jirgi ba. An ce zaman jira a filin jirgi azaba ne, mutum ya yini kan kujerar ƙarfe."

Ɗan Gayu ya yi dariya har da buga cinya. Shi dai a duniya in kana son ka ga bayansa, ka ba shi damar ba da labari.

"Wannan ai na gama-gari ne, Yallaɓai. Mu ɗakinmu daban. Da ka shiga a miƙo maka tawul mai ɗumi. Akwai wata kujera, kana zama ta kama yi maka tausa tun daga wuya har ƙugu. Abinci kuwa ka ci ka ƙara, ba mai kallonka."

"Ikon Allah. Da me ake shiga?"

"Kati kawai za ka nu..."

Bakinsa ya tsaya a buɗe, ya yi wuf ya dafe bayan wayarsa.

"Ƙarasa mana," in ji Sufeto. "Kai wane tsari kake kai?"

"Wani... wani abokina ne ya shigar da ni."

"Zuwa da dawowa? Abokin nan naka yana da kirki. Banki kuwa sun ce da katin Baba aka shiga, tun jirgi bai tashi ba. Saje, karɓi wayarsa ka cire murfin."

Saje ya ɓare murfin. Baƙin kati ya faɗo kan kanta.

Ɗan Gayu ya zame daga kujera ya durƙusa. "Yaya, wallahi leƙawa kawai na yi niyya. Na ji abu mai tauri a aljihun rigar, na duba. Na ce bari in ga ɗakin nan sau ɗaya a rayuwata. Da na sauka can kuma na gwada lambar motarmu, sai ta buɗe. Takalmin nan ne ya fara ja na. Na ce in na sayar da kaya zan mayar kafin kowa ya sani."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kuɗi ba su dame ni ba," ya ce a hankali. "Ka zauna a falona, ina faɗin maganganu a kan 'yata, kana gyaɗa kai kana cewa yaran yanzu. Wannan ne ba zan manta ba."

Sufeto ya ce a rubuta kayan da Ɗan Gayu ya saro, daga cikinsu kuɗin zango zai fito. Takalmin ma shaida ne, don haka Saje ya sa ya cire. Haka aka fito da Ɗan Gayu cikin silifas ɗin shago, 'yan layi na leƙe, ƙamshin turarensa na biye da shi har mota.

Baba ya tsaya a bakin shagon yana juya wayarsa.

"Baba, yau ɗin nan ka canza lambar," in ji Sufeto. "Kuma kada ka faɗa wa titi."

"Zan canza. Akwai abin da ya fi wannan gaggawa."

Ya danna kira. Bugu ɗaya aka ɗaga.

"Baba? Baba, lafiya? Ina ta kiranka."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Rigar... ta yi miki daidai?"

"Ita ce a jikina yanzu."

"To ki riƙe ta da kyau, akwai sauran sanyi a gabanki. Kada in ga ƙafarki a gidan nan sai da takardar gamawa." Ya share ido da hannun riga. "Auta, ki yafe wa babanki."

Sufeto ya juya ya nufi mota, ya bar su su gama.