Sawun Tayar Motar Nazifi

Ƙawata Ladidi, matso kusa. Rage fitilar nan, yara sun kwanta. Ki yi bisimilla a zuciyarki tukuna, don zancen mutanen ɓoye ne, ba a ambatonsu kara zube.

Tasi'u mai faci, mijin 'yar gwaggona, yana da rumfa a bakin titi, bayan an fita gari, daf da Fakon Kuka. Fakon nan fili ne mai tauri, ko ciyawa ba ya fitarwa, tsohuwar kuka ce kaɗai tsaye a tsakiyarsa. Manya sun sha faɗa cewa wurin da masu shi. 'Ya'yan masu kuɗi kuwa suka mai da shi filin wasan mota. Duk yammacin Alhamis sai su taru suna juyi, tayoyi na ihu, hayaƙin roba na tashi.

Wata safiyar Juma'a sai ga jar mota ta tsaya a gaban rumfar. Ƙofa biyu gare ta, gajera, kamar ta kwanta rub da ciki a kan kwalta. Irin motocin tseren nan. Saurayi ya fito ya buga ƙofa. Nazifi sunansa, ɗan wani attajiri a cikin gari.

"Kai, mai faci! Ka iya aiki, ko sai gyangyaɗi?"

"Sannu da zuwa, Yallaɓai."

"Riƙe sannunka. Duka huɗun za ka cire."

Tasi'u ya zagaya motar. Tayar gaba ta dama ce ta kumbura a gefe, kamar ta hau wani abu. Sauran lafiyarsu lau.

"Yallaɓai, ai guda ɗaya ce ta sami matsala. Ina da wasu 'yan Kwatano ma, na hannu masu kyau, a ciki, in ka..."

"Na tambaye ka? Wannan ta yi maka kama da motar haya?"

Tasi'u ya juya ya ɗauko kayan aikinsa. Ya san irin wannan mota ba rumfarsa ake kawo ta ba. Akwai manyan shaguna masu injina a cikin gari. Wanda ya baro su ya zo nan, ba ya son a gan shi ne.

Ba a jima ba a-kori-kura ta iso daga wurin dila, ɗauke da sababbin tayoyi. Nazifi ya tsuguna yana karanta rubutun jikinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ta tsufa a sito, dubi shekararta. Mayar. Wannan ba ta ɗaukar gudu, so kuke ta fashe da ni? Mayar." Ya danna farcensa a robar wata, ya shinshina. "Wannan ta yi. Masu faɗin nan na baya ne, ƙananan na gaba. Ka ji ko, mai faci? Kada ka cakuɗa mini su."

Ya san abinsa, ba ƙarya. Sai dai ko sau ɗaya bai juya fuskarsa wajen fako ba.

Tasi'u ya kafa jak, ya kwance kusoshi. Da ya rungumo kumburarriyar tayar nan sai ya ji ta da sanyi ƙarara, kamar daga rijiya aka tsamo ta, alhali rana ta buɗe. A cikin zanenta akwai wani abu maƙale, kamar jiƙaƙƙiyar toka, da silin gashi fari. Ya goge hannu a wando.

Sababbin kuwa suka ba shi wuya. Gefensu siriri ne, ga tauri. Ya shafa ruwan sabulu a bakin rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya naɗe ƙarfen ɓamɓara da tsumma, yana turawa a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ka karce mini rim, wallahi sai na sa an rushe rumfar nan."

Da ƙyar ta farko ta zauna. Ya ba ta iska, ya ɗaura. Nazifi ya duƙa ya duba, sai ya kai wa tayar shuri.

"Jaki! Ba ka ga kibiya a jikinta ba? Inda ta nuna can take juyawa. Ka ɗaura mini ita baibai. Ruwa ya sauka in zame in mutu, ko?"

Tasi'u ya sake tsugunawa a gaban tayar. Ya girmi yaron nan nesa ba kusa ba. Ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya ɗaure kusoshin kamar yadda aka umarce shi, wannan sai na tsallakensa, har aka gama.

Nazifi ya watsa masa ladan aikinsa a ƙasa. Ya shiga mota, ya sauke gilashi.

"Tsofaffin nan ka ƙone su. Yau ɗin nan. Har su zama toka."

"To, Yallaɓai."

Ladidi, wane mai faci ne zai ƙone roba? Tsohuwar taya guga ce, igiya ce, takalmi ce, bakin rijiya ce. Ukun masu lafiya ya gangara da su bayan rumfa. Kumburarriyar kuma ya sa mata wuƙa.

Yana da 'ya, Sahura, 'yar firamare. Ƙasan takalminta na makaranta ya huje, kwali take sawa a ciki. Ya sha fama kafin ya raba robar da wayar cikinta. Ya yanko daidai ƙafarta, ya liƙa, ya ɗinke. Zanen ya fito raɗau, kamar ƙayar kifi. Yarinya ta dinga tsalle a tsakar gida tana buga ƙafa a yashi.

"Baba, dubi sawuna! Irin na mota!"

Ya yi dariya. Rabonsa da dariya tun kafin jar motar nan.

Ranar Litinin, da tsakar rana, titi ya ɗauke. Ba mota, ba mashin. Ko tsuntsu ba ya kuka. Tasi'u yana zaune yana neman huji a wani tib cikin kwatarniyar ruwa. Ruwan ya daina motsi.

Ya ɗaga kai. Tsohuwa ce tsaye a bakin rumfa, doguwa, lulluɓe da baƙin zane. Bai ji zuwanta ba. Ba ta yi sallama ba.

"Sannu, Iya. Ruwa za ki sha?"

Laɓɓanta suka motsa, suka rufe. Sai bayan nan muryar ta iso, daga ƙasa, kamar daga ƙarƙashin bencinsa.

"Mai aikin roba."

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan ƙafafunta. Dugadugai ne suke dubansa. Yatsun suna baya.

Ya nemi a'uziyya a bakinsa, harshe ya yi nauyi.

Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye wani ɓangaren busasshiyar laka a gabansa. A jikinsa akwai sawun taya. Ƙayar kifi.

"Jikana yana barci a gindin kuka. Aka taka shi. Mun binne shi jiya."

"Iya, wallahi ba ni ba ne. Nazifi ne, mai jar mota. Tashi in kai ki har ƙofar gidansu."

"Na je. Sawun motarsa daban ne."

"Ai ni na canja masa! Da hannuna!"

"Fuskokinku duk ɗaya ne a wurinmu. Sunayenku ba ma riƙewa. Abin da bakinku ya faɗa ba ma ji. Sawu muke bi."

Ta juya kanta a hankali wajen bayan rumfa.

"Uku suna can. Ba su taka kowa ba. Ta huɗun tana yawo. Ta zama ƙarama, ta rabu biyu. Da safe ta yi gabas. Da azahar tana dawowa ta fako."

Ta ɗauki lakarta, ta tafi. Tana tafiya, yatsunta na nuna shi.

Tasi'u bai san sanda ya tsallake kwatarniya ba. Gudu yake yana jan Ayatul Kursiyyu, yana tuntuɓe a tsakiya, yana komawa farko. Tsohuwar kuwa takawa kawai take yi, a natse, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta raguwa.

Ya hango Sahura. Ita kaɗai, jaka a baya, ta yanko ta fako don an tsayar da ita shara. Tana tafe tana 'yar waƙarta. A bayanta tsohuwar ta riga ta tsuguna, tana auna sawun da yatsa. Yarinya ba ta ganinta.

"Cire takalmin nan!"

Sahura ta tsaya cak. Bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Baba, ƙasa da zafi..."

"Cire na ce, don ubanki!"

Ya kayar da ita, ya fizge su daga ƙafarta har maɗauri ya karce ta. Ya miƙar da ita, ya tura ƙeyarta.

"Gida! Ki waiwayo sai na karya ki!"

Ta ruga tana kuka, ƙafa ba takalmi.

Ya jefa wa tsohuwar takalman. "Ga su nan. Ɗauki tsiyarki."

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta miƙe, ta fuskanci inda yarinya ta nufa.

"Roba ba ta da jini. Ƙafar da ta yi sawun ƙarshe nake so."

Ta ɗaga ƙafa.

Tasi'u ya dubi takalman nan a ƙasa. 'Yan ƙanana, ko rabin ƙafarsa ba su kai ba. Ya tsinke maɗaurai, ya cusa yatsunsa, ya ɗaure da igiyar wandonsa da ya tsaga biyu. Ya miƙe a kansu. Ya bi sawun 'yarsa yana takawa, yana dannawa da duk nauyinsa, ɗaya bayan ɗaya, har gindin kuka. Ƙasar da ko diga ba ta shiga, ranar nan ta lotsa.

"Ke, muguwar tsohuwa! Juyo ki duba!"

Ta tsaya. Ta dawo. Ta tsuguna, ta zura yatsa a sawun, ta daɗe.

"Wannan nauyin babba ne."

"Nawa ne."

"Ɗazu ka ce ba kai ba ne."

"Kin ce ba kwa jin baki. Dubi ƙasa."

Ta ɗago ta dube shi. Ya ce idonta ba baƙi a ciki, kuma hawaye na zuba. Ta miƙo hannu ta dafa gwiwarsa ta dama, sannan ta hagu. Sanyi ya ratsa shi har ƙugu. Daga nan bai sake sanin komai ba.

Makiyaya ne suka tsince shi da la'asar. An je asibiti, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Allah Ya bar masa ransa da hankalinsa, amma ƙafafun nan ba su ƙara ɗaukarsa ba. Shi ne kike gani a bakin titi yana faci a zaune. Nazifi kuwa har gobe yana wucewa ta gaban rumfar, ya ma canja mota. Hisabi yana gaba, Ladidi, Allah ba Ya barci.

Don haka ki ja wa yaranki kunne. Kada wanda ya ratsa Fakon Kuka shi kaɗai, balle da tsakar rana. Hanyar titi ta fi nisa, su bi ta.

Uwar Sahura, 'yar gwaggon tawa, ita ta gaya mini, ita ma da ƙyar ya gaya mata. Yarinyar ta girma, tana karatun jinya, wai don ta gano ciwon da ya kama Babanta. Har yanzu in an zauna hira takan ce masa, "Baba, ban manta ranar da ka ƙwace mini takalmina ba fa." Sai ya yi murmushi ya ce shaiɗan ne, ta yafe masa.

Haka yake so ta tsaya. Na haɗa ki da Allah, ƙawata, kada ki gaya wa kowa.