Fuskar Mudi Magini

Ku matso kusa, ku rage murya. Kai Ɗanlami, rufe bakin nan kada sauro ya faɗa.

Barira ba ta san fuskar ubanta ba. Sunansa Mudi, magini ne mai zanen bangon zaure. Ya rasu tana goye, ko hoto ɗaya bai bari ba. Sai a shekararta ta ƙarshe a jami'a wani malaminta ya ce ya taɓa ganin hotonsa a rumbun hotunan zane-zane da jami'ar ke biya wa kuɗi a intanet. Rumbun nan ba ya buɗuwa sai a kwamfutocin laburare, kuma sai da lambar ɗalibi.

Ta yi ta jan ƙafa, don tana tsoron ta duba ta tarar ba shi ba ne. Har aka gama jarabawa, kowa ya kama gabansa, ta rage a ɗakin kwana ita kaɗai kamar mayya.

Ranar Juma'a da tsakar rana ta je. Maza sun tafi masallaci. Ɗakin kwamfuta shiru, sai fanka ɗaya ke kuka. Ta shiga ba sallama, ba bisimilla. Wa za ta yi wa?

Ta buga lambarta. Aka ce an rufe, ta gama karatu. Ta kifa kai a kan tebur, kewar mutumin da ba ta taɓa gani ba ta cika mata ƙirji.

"'Yata, ya ƙi ne?"

Wani dattijo ne a kujerar lungu. Ba ta ji shigowarsa ba. Muryarsa kamar daga cikin randa take fitowa.

"Ya ƙi, Baba."

"Shiga da tawa."

"An hana, Baba."

"Wa zai gani?"

Ya faɗi lambar, ta buga. Ba ta ko rubuta abin da take nema ba, hoton ya buɗe. Ga jan bango, ga zanen dagi, ga mutum tsaye da ƙasa a hannu. Hancinsa irin nata ne sak. Ta yi kuka har allon ya yi mata dishi-dishi.

Da ta share ido sai ta ga wani a gefen hoton, riƙe da ƙwarya. Dattijon nan ne. Dugadugansa a gaba suke, yatsun a baya.

Ta waiga. Kujerar ba kowa.

Ta dawo da ido kan hoton. Tsakanin mutanen biyu wani abu yana fitowa a hankali, shuɗi-shuɗi, kalar hijabinta.

"Wanda ya shiga da sunana," in ji muryar daga cikin allon, "a gidana yake zama. Ga babanki nan. Me kika bari a waje?"

Gaskiya ta kusa yarda, don ba wanda ke jiranta a waje. Yatsunta suka fara sanyi. Sai ta ja a'uziyya, ta fizge wayar wuta, ta fita a guje ba takalmi.

Ta tsira, amma ba hannu rabbana aka sake ta ba. Bangon nan ta haddace shi tsaf, har yau tana zana shi mutane na mamaki. Fuskar uban ce aka riƙe. Duk zanen da ta yi akwai mutum tsaye gaban bango, kansa fili fetal.

Don haka kada ku shiga ɗakin da ba kowa ku kaɗai. In kuma ƙofa ta ƙi sunanku, ku haƙura, kada ku ari na baƙo.