Sunan da Jakadiya Ba Ta Ji Ba

Jakadiya mai lamba ɗari biyu da sha huɗu ta fito daga lif a hawa na ashirin da uku, ta gangara a kan tayoyinta har ƙofar gidan Sahura, ta yi sallama. Na'ura ce da tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, da akwatin sanyi a cikinta, da siririn hannu ɗaya mai riƙe allura. Hukumar lafiya ta birnin Tudun Haske ce ta saki irinta dubu uku a shekarar 2091, don yi wa yara riga-kafin tarin-shuɗi, cutar da ke toshe huhu har leɓen yaro ya rine. An ba su muryar mace da ladabin tsofaffi, don magidanta su bar su shiga har ɗaki.

Shekarun baya an taɓa yi wa yara wata allura ba da sanin iyayensu ba, aka yi rigimar da har yau ba a manta ba. Shi ya sa a wannan karon aka kafa doka: Jakadiya ba za ta buɗe kwalba ba sai uwa ta faɗi sunan yaro da bakinta, muryarta ta zama shaidar izini. Wanda aka ambata shi ke shiga rajista, da rajistar kuma ake auna nasarar aikin. Masana sun tafa wa wannan tsari har hannunsu ya yi ja.

Sahura ta san duk wannan fiye da kowa, don a sashen gyaran Jakadiyoyin take aiki. Amma ranar surukarta, Inna Tabawa, tana zaune a kan darduma a tsakar falo da carbi a hannu, tana kallon komai.

"Uwar gida, faɗi sunayen 'ya'yanki," in ji na'urar.

Sahura ta ce Mudassir, ta ce Ikilima.

'Yarta ta fari, Rumasa'u, mai shekara goma sha ɗaya, tana tsaye a jikin bango, ta riga ta naɗe hannun rigarta. Tun da aka haife ta uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Haka Sahura ta taso ta ga ana yi wa ɗan fari, kuma digirin injiniya bai goge wannan kunyar ba. Ta buɗe baki, ta haɗa ido da surukarta, sunan ya maƙale. Jakadiya ta jira daƙiƙa goma, ta yi wa ƙannen biyu allura, ta yi godiya ta fita. Inna Tabawa ta gyaɗa kai, ta ce ashe har yanzu akwai 'ya'yan mutunci a wannan birni na gilashi. Rumasa'u ta sauke hannun rigarta.

Sahura ta ƙudurta gobe za ta tafi da yarinyar wurin aiki, ta faɗi sunan inda babu idon kowa. Goben ta zo da na'urori arba'in da suka lalace. Jibi ma haka. Abin da ke cikin gida shi ake ɗaga wa ƙafa, ai kullum yana nan. Kafin ta farga mako uku ya wuce, hukuma ta sanar cewa an yi wa yaran birnin kaf, ɗari bisa ɗari. Aka janye Jakadiyoyi, aka loda ragowar maganin a jirgin ƙasa zuwa wasu garuruwa, aka buɗe makarantu.

Ƙwayar cuta irin wannan ba ta da ƙafa, jikin mutum take hawa. Ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin da bai san ta ba, daga nan ta fito a tari ta nemi na gaba. In aka yi wa kusan kowa riga-kafi, sai ta rasa inda za ta sauka ta mutu a hanya. In kuwa aka bar mata mutum ɗaya a nan, ɗaya a can, an shimfiɗa mata duwatsun tsallake rafi ke nan. Mafi muni, duk jikin da ta shiga tana kwafar kanta sau miliyoyi, kuma a cikin kwafin akan samu wanda ya ɗan sauya kama, har riga-kafin jiya ya kasa gane shi. A Tudun Haske, inda bene guda ke shaƙar iska daga bututu ɗaya, ba ta ma buƙatar a buɗe mata ƙofa.

Kwana tara da buɗe makarantu asibitoci suka fara cika. Aka turo wa sashen su Sahura sunayen yaran da aka kwantar, a duba wace na'ura ce ta ba su lalataccen magani. Ta zauna gaban allon aikinta ta shigar da sunan farko, rajista ta ce babu shi. Na biyu ma babu. Ta bi adireshin gidajensu, ta tarar ƙannensu duk suna ciki. Da ta kai na talatin ta ga dukansu 'ya'yan fari ne. Ba ta buƙaci wani ya fassara mata ba, don ita ma da bakinta ta aikata.

Ta hau ofishin Dakta Mu'azu, shugaban shirin, wanda a lokacin yake gwada babbar rigar da zai sa wajen karɓar lambar yabo. Ta zayyana masa abin da ta gani. Ya ce na'ura ba ta kuskure, duk wanda aka faɗa mata ta yi masa. Ta ce ai matsalar ke nan, yallaɓai, wanda ba a faɗa ba fa? Ya ce wannan al'adar ta mutu tun zamanin kakanni, su da suka tsara shirin sun yi nazarin komai, har da irin sallamar da za ta yi wa mutane daɗi.

"Yallaɓai, kai ɗan fari ne?"

Ya tsaya da hannu ɗaya a cikin riga. Ya ce eh.

"Ka taɓa jin Hajiya mahaifiyarka ta kira sunanka?"

Dakta Mu'azu ya zauna. Sannan ya tambaye ta gida nawa take zato. Ta ce ko da gida ɗaya cikin biyar ne, yara dubu sittin ake magana. Ya ce maganin ya bar gari, dawo da shi sai an yi kwana goma, kuma kada ta faɗa wa kowa tukuna sai an zauna da manya. Haushi ya kama ta, amma ba ta tsaya musu ba, don hankalinta ya riga ya koma gida. Da safen nan ta ji Rumasa'u tana gyaran murya, ta ce mata ta rage shan ruwan sanyi.

A ɗakin gyara akwai wata Jakadiya da tayarta ta karye tun makon farko, aka manta da ita a jikin caji. Sahura ta buɗe akwatin sanyinta, ta tarar da kwalba ɗaya. Ta sauya tayar cikin minti goma, ta tura na'urar cikin jirgin ƙasan unguwa da rana tsaka, mutane suna kallonta ta saman takunkuminsu.

Ta tarar da Rumasa'u kwance a falo, kanta a cinyar Inna Tabawa, tsohuwar tana mata fifita duk da sanyin na'urar ɗaki. Mudassir da Ikilima suna zaune kusa da yayarsu. Jakadiya ta yi sallama, ta nemi sunayen 'ya'ya.

Sahura ba ta kalli surukarta ba.

"Rumasa'u," ta ce. Ta sake faɗa da ƙarfi don na'urar ta ji. "Rumasa'u. 'Yata ce."

Yarinyar ta buɗe ido. Leɓenta ya fara duhu a gefe.

"Umma," ta ce a hankali, "ashe haka kike faɗarsa."

Inna Tabawa ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Jakadiya ta matso, ta ɗora hannunta a goshin yarinyar, ta saurari ƙirjinta. Allurar da ta fara fitowa ta koma ciki. Cikin muryar nan mai ladabi ta ce tana ba uwar gida haƙuri, riga-kafi ba ya amfanar wanda cuta ta riga ta kama, a gaggauta kai ta asibiti.

Sahura ta sunkuya za ta ɗauki 'yarta, sai ta ga na'urar ba ta juya ƙofa ba. Ta matsa wajen Ikilima, wadda ita da kanta Sahura ta ga an yi wa allura wata guda da ya wuce. Ƙaramar ta yi tari sau biyu a tafin hannunta. Jakadiya ta ɗora mata hannu a goshi, ta daɗe tana aunawa fiye da yadda aka tsara mata, sannan fitilarta ta koma ja.

"Uwar gida," ta ce, "wannan nau'in ba ya cikin waɗanda aka koya mini."