Muryar Husseina a Aljihun Direbobi

Ranar da Fayçal ya fara shiga ɗakin karatun unguwar Zango a Sokodé ruwa ake tafkawa, rufin kuma yana yoyo daidai saitin littattafan yara. Husseina tana tsaye kan kujera riƙe da roba tana tarar ɗigon, ranta a ɓace, sai ta ji sallama daga bakin ƙofa.

Wani dogon saurayi ne goye da jaka, ya jiƙe sharkaf.

"Kai ne madam ɗin bibliyotek?"

"Ke ake cewa," ta ba shi amsa ba tare da ta sauko ba. "Daga ina?"

"Dapaong. A yi haƙuri da Hausarmu, a kasuwa muka tsince ta."

Ba ta so yin dariya ba, amma ta yi. Ya ajiye jakar ya karɓi robar daga hannunta, a haka ya yi mata bayani. Ƙungiyar da ke riƙe da ɗakin karatun ce ta turo shi ya fara aikin littattafan saurare: a karanta littafi da Hausa ko da yaren Tem, a ɗauki muryar, a zuba wa mutane a waya.

"Wato ku kashe mana littafi ku bar mutane da waya."

"Madam, wa ke buɗe waɗannan?" Ya nuna kantar littattafan Faransanci da suka fara fumfuna.

Ta fi kowa sanin amsar. Ban da 'yan makaranta masu fake wa ruwa, sai ta wuni ba ta ga kowa ba. Matan kasuwa da mahauta da direbobi, masu kwana da tashi da Hausa, ko leƙowa ba sa yi.

Murya ce ta yi wa Fayçal wuya. Ya gwada malaman makaranta, kowa ya ga makirfo sai ya koma karatu kamar mai sanarwar mutuwa. Rannan ya ji Husseina tana karanta wa yara tatsuniya a baranda, ya tsaya da igiyar caja a hannu har ta kai ƙarshe.

Ɗakin ajiya suka lulluɓe da barguna suka mai da shi wurin ɗaukar murya. Duk zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya wuce da ƙarar babur sai su dakata su sake. Littafin farko na wani tsohon malamin unguwar ne, labarin wata yarinya da saurayinta ya tafi fatauci ya daɗe bai dawo ba. A tsakiyarsa akwai wurin da yarinyar take faɗin kewarta ita kaɗai. Da Husseina ta karanta wurin, Fayçal ya manta bai tsayar da na'urar ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Muryata, na turo miki karatun yau da hoton da na ɗauke ki kina dariya. Na saurara har batir ya mutu. Na san littafi ne, amma na ji haushin saurayin nan."

Ta mayar masa: "Ɗan Dapaong, aiki aka turo ka ko kishi?"

"Duka biyun. Na farkon ne kawai aka rubuta a takarda."

Ta kife wayar a ƙirji tana murmushi ita kaɗai. Son sa take, ba ta kuma tsaya yi wa kanta musu ba.

Babanta, Alhaji Bukari mai atamfa a babbar kasuwa, bai san da aikin muryar ba. A saninsa 'yarsa jera littattafai take yi. Ta bari sai an gama littafin ta kai masa cikakke, sannan Fayçal ya turo manyansa neman aurenta. Cikin kwanakin ne gilashin wayarta ya fashe, ta kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, ta karɓo washegari ta manta da zancen.

Fayçal ya koma Dapaong haɗa aikin. Bai daɗe da tafiya ba abin ya fashe.

Wani ne ya yanko wurin kewar nan kaɗai, ya ɗora hotonta, ya rubuta a sama: "Saƙon budurwar Sokodé ga saurayinta." Masu zuba waƙoƙi a katin waya suka yi ta rabawa. Mutanen da ba su taɓa taka ɗakin karatu ba, ga su sun haddace shafi guda har da inda ta ja numfashi. Ta wuce tasha ta ji yaran mota suna kwaikwayonta, ta juya ta koma gida.

Wani direban Cinkassé mai kawo wa Alhaji Bukari dilar atamfa shi ya kunna masa a shago, yana ƙyaƙyata dariya, bai san gaban wa yake ba.

Alhaji ya shigo gida tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Ya kira Husseina da mahaifiyarta Memounatou, ya ajiye waya kan tabarma ya kunna. Sai da abin ya kai ƙarshe ya ɗago.

"Muryarki ce?"

"Baba, littafi ne nake..."

"Muryarki ce?"

"Ita ce, Baba."

Bai zage ta ba, bai ɗaga hannu ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Takalminsa ya saka ya fita. Daga ranar, in ta durƙusa ta gaishe shi sai ya dubi bango. In yana da magana sai ya ce, "Memounatou, ki gaya wa 'yarki." Ya hana ta zuwa aiki, aka garƙame ɗakin karatun, ruwa ya ci gaba da zuba kan littattafan yara ba mai tarewa.

Hoton nan mutum ɗaya ne ya ɗauke shi. Ta rubuta wa Fayçal:

"Talla ka yi da ni don aikinka ya karɓu? Ka raba ni da babana. Allah ya isa."

"Wallahi, Muryata, ban fitar da komai ba. Ki ba ni lokaci in gano."

Ta toshe lambarsa, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Abin haushin, kukan bai rage son ba ko kaɗan.

Sai ga Rashid, ɗan aminin Alhaji, mai aikin fiton kaya a iyakar Cinkassé. Ya taɓa nemanta ta ƙi shi. Yanzu ya zo da sabuwar shadda da ƙamshin turare, ya zauna a zaure yana magana da ƙarfi don na cikin gida su ji.

"Alhaji, ni zan rufa mata asiri, don darajarka. Batun bidiyon kuma ka bar mini, ina da mutane a Lomé, sati ɗaya sun share shi."

Husseina tana bayan ƙyaure tana jin ana sadaka da ita. Sati ya wuce, wata ya wuce, mutanen Lomé ba su share ko harafi ba. Da abokan Rashid suka fara kunna masa abin duk inda ya zauna, sai ƙafarsa ta ɗauke daga gidan, ko sallama bai yi ba.

Wata safiya Memounatou ta same ta a madafa ta miƙa mata wayarta.

"Yaron nan Fayçal ya dame ni da kira, yanzu kuma ya turo saƙo. Karanta, ni ban iya ba."

"Mma, don Allah ki nuna wa Husseina. Na bi masu zuba kati ɗaya bayan ɗaya, daga Cinkassé har Sotouboua, kowa ina tambayarsa wa ya ba shi. Maganar ta ƙare a rumfar mai gyaran waya a kasuwar Sokodé. Daga wayarta ya kwafa lokacin da ta kai gyara. Ba ina faɗa don in ɗora mata laifi ba ne. Ni na tura mata, ni ya kamata in gargaɗe ta. Jibi zan zo wurin Alhaji."

Husseina ta zauna dirshan a ƙasa. Ta yi wa bawan Allah Allah ya isa, alhali da hannunta ta kai wayar. Ta buɗe lambarsa ta rubuta kalma biyu: "Ka yafe."

"Tun ranar na yafe. Kin ci abinci?"

Ya zo kamar yadda ya ce. Ta leƙa ta tagar madafa ta ga ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo. Alhaji bai ba shi wurin zama ba.

"Kai ne mai na'urar. Za ka iya goge shi?"

"Ba zan iya ba, Alhaji. Abin da ya shiga wayoyin mutane ba mai iya tattaro shi. Duk wanda ya ce maka zai iya, bai gaya maka gaskiya ba."

"To me ya kawo ka?"

"Aurenta nake nema. Tun kafin wannan abu nake so. Sannan ina roƙo ka bari mu saki littafin gaba ɗaya, kyauta, mutane su ji da kunnensu cewa karatu ne."

"Guntu ya hana ni zama a shagona, kai kana so ka ƙara musu duka? Fita."

Fayçal ya fita, amma bai bar garin ba. Manyansa suka zo daga Dapaong, aka sallame su, suka sake dawowa. Memounatou ta yi ta fama da mijinta a ɗaki, ƙanen Alhaji ya sa baki, limamin unguwa ma ya sa. A ƙarshe amsa ta fito ta bakin ƙanen: "Ya ce a ba shi. Shi ya jawo, shi zai kwasa."

Haka aka ba da ita, kamar an sauke kaya. Ƙawaye suna guɗa, ana ƙunshi, ana dafa shinkafa da wake a manyan tukwane, amarya kuwa ba ta da abin da take so a duniya irin babanta ya kira sunanta. Fayçal ya ga haka ya rubuta mata: "In kina so mu jira har ya huce, zan jira." Ta ce a'a, ta gaji da ganin yadda yake kauce mata a tsakar gidansa.

An ɗaura aure da hantsi. Da za a tafi da ita, gwaggonninta suka kai ta gabansa ta durƙusa.

"Baba, zan tafi. Ka yafe mini."

Ya dubi carbin da ke hannunsa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya juya fuskarsa. Gwaggo ce ta ɗaga ta da ƙyar.

Ta yi kuka a hawan Bafilo, ta yi a Kara, har matan cikin motar suka gaji da rarrashi suka koma hirarsu. Sun wuce Mango, rana ta yi sanyi, sai wayarta ta yi ƙara. Fayçal ne, daga motar angwaye da ke gaba.

"Amaryata, littafinki ya fita yau, cikakke. Kada ki yi fushi, da izini ne. Ki saurara daga farko. An sa ni na rantse ba zan gaya miki ba sai kin bar gari."

Ga littafin nan a ƙasan saƙon. Ta danna da yatsa mai lalle, tana jiran ta ji muryar da ta jawo mata duk wannan. Sai ta ji tari, da ƙarar kujerar ɗakin ajiya da ta sani.

"Ya fara ɗauka? To." Aka sake gyaran murya. "Ni ne Bukari mai atamfa na Sokodé. Muryar da za ku ji ta 'yata ce, Husseina. Ban san da aikin nan ba da farko, na kuma yi fushi. Amma na zo ɗakin nan na zauna na ji littafin tun daga farko har ƙarshe, ban ji abin kunya a ciki ba. Karatu take yi wa irina da ba mu iya ba. Wanda ya ji guntu ya yi dariya, ya zauna ya ji duka. Wanda kuma yake da magana, ya san shagona."

Ta zaci ya gama, sai ya ci gaba.

"Husseina, na san ranar tafiyarki bakina ba zai iya ba, shi ya sa na faɗa a nan. Ba ki yi mini komai ba. Ni ne na bar maganar mutane ta fi mini taki. Allah ya yi miki albarka, ke da mijinki. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Matan motar suka amsa da amin baki ɗaya, har direban, wanda ya rage gudu yana share ido da bayan hannu. Gwaggo ta rangaɗa guɗar da tun safe ba ta yi irinta ba.

Husseina ba ta jira an isa Dapaong ba. Daidai Bombouaka, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya dawo sosai, ta nemo lambar da ta daɗe ba ta da ƙarfin halin kira. Ta yi ƙara sau ɗaya aka ɗauka, kamar dama wayar tana hannunsa.

"Baba," ta ce.

"Na'am, Husseina," in ji shi. "Kun kai ina?"