Abin Da Ta Ɓoye Wa Likita

Wata biyu da rasuwar mahaifinta ya fara shigowa gidansu, riƙe da ƙaramar kula mai ƙanƙara. Ma'aikacin asibitin dabbobi ne. Ita ce babbar 'ya, don haka ɗakin kajin Baba a kanta ya faɗo, ba ta ko san yadda ake riƙe ɗan tsako ba.

Tana miƙo masa su ɗaya-ɗaya yana ɗiga musu rigakafi a ido. Ya yi mata bayani cewa ƙwayar cutar ce a ciki da ranta, an dai raunana ta. Za su yi kwana biyu suna atishawa, jikinsu ya gane ta, ya tanadi garkuwa. Ya kuma ja mata kunne: ba a ba tsakon da ba shi da lafiya, don ba zai iya ɗauka ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Uwar Tsaki, yaya yaranmu?"

Rabon da ta yi dariya tun Baba na raye.

Kafin shekara ta zagayo, Umma ta san da maganarsu, ba ta hana ba.

Sai ta sayo sababbin tsaki ɗari huɗu. Ana gobe zai zo yi musu rigakafi, ta ga wasu sun saki fukafukai. Sati uku ke nan ba ta sa shi a ido ba, aiki ya kai shi nesa, ta kuma san in ta faɗa zai ɗaga zuwan. Da ya tambaye ta lafiyarsu, ta ce ƙalau.

Washegari ya zo ya ɗiga musu. Cikin kwana biyar fiye da rabi suka mutu. Ita ta riƙa kwashe su a buhu, hawaye na zuba.

Umma ta ce ya kashe mata abin da mijinta ya bari, kada ya ƙara taka mata gida. Ya duƙar da kai ya ba da haƙuri, bai ƙara komai ba, alhali ya riga ya duba gawarwakin ya gane da ciwonsu aka ɗiga musu, ta kuma sani.

"Me ya sa ba ka faɗa mata ba?" ta rubuta masa.

"Ni in ta kore ni zan iya jurewa. Ke ba ki da wata uwar."

Wata uku tana ramewa kafin ta iya durƙusawa gaban Umma ta faɗi gaskiya. Umma ta ce, "Kin bar ni na zalunci ɗan mutane. Kira min shi."

Kawunta ne ya ba da aurenta. Da za a tafi da ita, Umma ta riƙe hannun angon.

"Da babanta na nan, da shi zai ba ka ita da kansa. Ka yafe min, ɗana. Allah ya yi muku albarka."

Ya amsa da amin, shi ma yana share ido.