Mijin Jama'a

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Sauran jikinsa yana ƙarƙashin tankin ruwan lambun ƙungiyar matasa, yara sun tsugguna kewaye da shi, kowa na rige-rigen miƙa masa sifana.

Auta ce ke rubuta takardar labaran ƙungiya, shafi biyu duk wata: ranar dashen itatuwa, yaran da kajinsu suka fara ƙwai, iyayen da za su kawo kujeru ranar taro. Tana bugawa a tsohuwar kwamfutar ofis, ta liƙa ɗaya a allo, sauran a raba gida-gida. Wannan watan shugaban ƙungiya ya ce ta rubuta wani abu a kan sabon mai sa kai.

"Sannu da aiki. Kai ne Injiniya?"

Ya zamo daga ƙarƙashin tankin, baƙin mai ya ɓata masa goshi. Ya dube ta, ya yi maza ya sunkuyar da kai.

"Yara ne suka laƙaba min. Injin ban-ruwa kawai nake gyarawa."

"To me ke kawo ka duk Asabar, alhali ba biyanka ake yi ba?"

"Famfon ne ke yoyo."

Ta jira ya ƙara wani abu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Dariya ta kubce mata har biro ya faɗi. Ya ɗauko, ya goge a gefen rigarsa, sai biron ya ƙara yin baƙi. Suka tsaya suna kallonsa, shi ma sai ya fashe da dariya.

Famfon ya daina yoyo tun a makon, amma Injiniya bai daina zuwa ba. Ya koya wa yara haɗa bututu, ya gyara ƙofar kejin zomaye, kuma ko yaushe sai ya sami dalilin biyowa ta ofis. Yau firinta ce ke buƙatar dubawa, gobe ƙafar tebur ce ke rawa. Mutumin da magana ke yi wa nauyi a baki, ashe a waya ba haka yake ba. Wata safiya Auta na shara saƙonsa ya shigo:

"'Yar Jaridata, na karanta labaran wannan wata sau uku. Har jerin masu kawo kujeru na karanta, don hannunki ne ya rubuta."

Ta jingine tsintsiya ta amsa: "Injiniyana, in kujeru ke burge ka, wata mai zuwa zan ƙara da benci."

"Ki ƙara da sunanki kusa da nawa. Shi kaɗai nake nema."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ranar sau biyu ta share tsakar gida ba ta sani ba.

Da maganar soyayyarsu ta isa gida, Baba ya yi murna har ya kasa ɓoyewa. Shi ya kafa ƙungiyar shekara talatin da suka wuce, kuma har yanzu ba a taro babu shi.

"Yaron kirki ne, mai hidimar mutane. Irinsa ake nema."

Mama tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ban yarda ba."

"Haba, uwar yara, me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Ban dai yarda ba."

Sai da Baba ya fita Auta ta durƙusa kusa da ita, idonta ya cika.

"Mama, me kika gani a tare da shi?"

"Ubanki na gani," in ji Mama. Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Ranar da na haife ki, ya tafi kai yaran ƙungiya gasar kiwon tumaki a wani gari. Maƙwabciya ce ta kai ni asibiti. Da ya dawo, kowa sai sa masa albarka yake yi, ni kuwa ina kwance ina kallon ƙofa. Mijin jama'a na aura, Auta. Kowa na da rabo a cikinsa, matarsa ce ta ƙarshe a layi. Ba zan miƙa ki ga irin wannan ba ina ji ina gani."

Auta ba ta taɓa jin wannan labarin ba.

Ba a yi mako biyu ba ɗan ƙawar Mama ya fara zuwa zance wurin Auta. Kantin magani gare shi a bakin kasuwa, yana rufewa ƙarfe biyar ya wuce gida kai tsaye, kuma Mama ta tabbatar Auta ta ji wannan fiye da sau ɗaya. Ba shi da aibu. Sai dai ranar da ya ga takardar labarai a hannunta, ya juya ta gaba da baya ya yi murmushi.

"Wannan wasan yaran ai sai ki huta da shi in mun yi aure."

Ta karɓe takardarta ta ninke.

Ana cikin haka shugaban ƙungiya ya ajiye mata sanarwa a tebur, ya ce ta sa a shafin farko. An zaɓi mutum biyu su tafi kwas na wata huɗu a birni: Injiniya da malamar jinyar da ke koya wa 'yan mata taimakon gaggawa. Matan da suka zo share ofis suka leƙa takardar.

"Wata huɗu tare? Ai sai dai mu ji an sa rana," in ji ɗaya, suka tuntsire da dariya.

Auta ta buga sanarwar da hannunta, harafi bayan harafi, hawaye na ɗiga a kan madannai. Tafiyar wata huɗu, amma ko a saƙo Injiniya bai faɗa mata ba. Ta liƙa takardar a allo ta tafi gida. Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"'Yar Jaridata, lafiya? Na kira sau biyu."

"Ko na yi laifi ne? Faɗa min in gyara. Gyara ne sana'ata."

Ba ta amsa ko ɗaya ba.

Ranar Asabar ya same ta a ofis. Wannan karon bai nemi firinta ko ƙafar tebur ba. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da takardar da ya ɓamɓaro daga allo.

"Wallahi ni ma yanzu na gani. Shugaba ne ya sa sunana bai tambaye ni ba. Yau na fara jin zan yi tafiya."

Ta ɗago ido. "Ita malamar jinyar fa?"

"Ita da aka kusa bikinta da ɗan'uwan shugaba? Ni aka ce in gyara musu famfon sabon gidan."

Kunya ta lulluɓe Auta, ta rufe fuska da tafin hannu.

"In kin ce kada in je, yau zan je in ce a cire sunana," in ji shi.

"Ka je. Ilimi ne, kuma yaran nan za su amfana." Ta sunkuyar da kai. "Amma ina tsoron kafin ka dawo Mama ta gama magana da mai kantin magani."

Ta ba shi labarin ranar haihuwarta kamar yadda Mama ta faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Zan je in gaishe ta."

Washegari da hantsi ya zo da wankakkiyar riga, ya zauna a ƙasa duk da kujerar da aka ba shi. Auta ta laɓe a ƙofar kicin.

"Mama, ba zan yi miki ƙarya in ce zan bar ƙungiya ba. In na faɗa, watarana za ki kama ni. Na koya wa samari biyu aikin, in na dawo za mu riƙa karɓa-karɓa. Amma na san ba wannan ne ya dame ki ba. Tambaya na zo yi, in kin yarda. Me kika so Baba ya yi da bai yi ba?"

Mama ta ƙura masa ido har Auta ta ɗauka korarsa za ta yi. Can ta ce, a hankali:

"Shekara talatin ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Ni ban taɓa son ya bari ba, ɗana. Ina alfahari da shi. So nake ko sau ɗaya, kafin ya sa takalmi, ya juyo ya ce, yau kina buƙatata? Da na ce masa ya tafi ma. Amma da na san ya gan ni."

Ba wanda ya lura Baba na tsaye bayan labule, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, zai fita taron iyaye. Ya fito ya zauna a bakin tabarma, ya cire wanda ya sa ya ajiye.

"Uwar yara," ya ce, "yau akwai taro. Kina buƙatata?"

Mama ta harare shi, hawaye na gangaro mata. "Sai yau? Tashi ka tafi, suna jiranka."

"Su jira," in ji Baba. Bai je ba.

Mama ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi Injiniya. "Je ka yi karatunka. In ka dawo ka turo manyanka." Ta ɗaga murya. "Ke kuma mai laɓe, fito ki kawo wa baƙo shayi."

Mama da kanta ta je ta ba ƙawarta haƙuri. Mai kantin magani bai riƙe abin a rai ba, har fatan alheri ya aiko.

Wata huɗun suka yi wa Auta tsawo, amma kullum da safe saƙo na jiranta.

"Hasken idona, yau an koya mana injin da ke aiki da hasken rana. Malamin na bayani, ni ina tunanin murmushinki. Da ƙyar na ci jarrabawar."

"Ka mai da hankali, Injiniyana. Ba na auren wanda ya faɗi."

"To na zama na ɗaya a aji daga yau."

Ya dawo bayan an gama girbi, kuma ba a ɗauki lokaci ba aka ɗaura aure. Iyalan ƙungiya suka cika gidan har waje. Yaran suka kawo kyautarsu, zomaye biyu farare a cikin kwali, ɗaya ya tsere ana tsakiyar ɗaukar hoto, ango da babbar rigarsa ya bi shi har ƙarƙashin kujeru.

Da lokacin tafiya ya yi, suka durƙusa gaban iyaye. Baba ya buɗe baki zai yi doguwar nasiha irin ta taro, kuka ya ci ƙarfinsa. Mama ce ta kama hannun Auta ta sa a cikin na ango, ta riƙe su duka biyun.

"Ga autata nan, ɗana. Da zuciya ɗaya na ba ka. Allah ya sa albarka a gidanku, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa kuna dariya tare."

"Amin, Mama," suka amsa.

A bakin mota ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Amaryata, kin gaji?"

"Na gaji," ta ce, tana murmushi cikin mayafi. "Kai ni gida."