Wayar da Aka Ɗaure Fis da Ita

Wutar ta cinye shagon tela ƙurmus, ta lashi rabin baranda, matar tela kuma tana asibiti da ƙuna a hannu biyu. Kafin hayaƙi ya lafa mai gidan haya ya nuna Auta, wai shi ya ja wayoyin gidan. 'Yan sanda suka tasa ƙeyarsa.

Malama, yayarsa, kimiyya take koyarwa. Ta tarar da Sajan ɗin 'yan sandan yana leƙa akwatin fis da ke bango, abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa.

"Ƙaninki ya yi aikin banza, Malama."

"Duba dai da kyau, ranka ya daɗe."

Fis ɗin na amfiya biyar ne, wato awon wutar da zai bari ta wuce, amma wani gwani ya naɗe shi da wayar tagulla don kada ya ƙara yankewa.

"Wutar gidan nan bolt ɗari biyu da ashirin ce," in ji ta. "Sau amfiya biyar, wat dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Iyakar abin da layin zai ɗauka ke nan. Wani ya ɗora masa fiye da haka."

Ta ɗauko mitar awon wuta ta Auta, suka shiga maƙwabta inda akwai wuta don gwada kayan 'yan hayar gidan. Suka fara da mai aski.

"Me kake jonawa?"

"Kilifa kawai, wallahi!"

Allurar mita ko motsin kirki ba ta yi ba. Sai tela, idonsa jawur, ya miƙo dutsen gugar da aka tsamo.

"Amfiya huɗu," Malama ta ce. "Wat ɗari takwas da tamanin. Ba kai ba ne, bawan Allah."

"To wa?" in ji Sajan.

A banɗakin baya suka samo shi cikin bokitin roba da ya narke rabi: abin dafa ruwa irin na tsomawa. Suka jona. Allura ta yi tsalle ta tsaya kan goma.

"Raba ɗari biyu da ashirin gida goma, turjiyarsa om ashirin da biyu kacal. Wuta wucewa take yi kamar an buɗe mata ƙofa. Wat dubu biyu da ɗari biyu, ninki biyu na ƙarfin layin. Fis ya yanke, aka ɗaure masa baki, wayar bango ta yi ja ta kama silin."

"Na waye?" in ji Sajan.

An naɗe mariƙinsa da tsumman atamfa, kuma ta san atamfar. Tsohon zaninta ne, da hannunta ta ba mahaifiyarsu. Wayyo, da ta sani da ba ta iya lissafi ba!

Suka tarar da Inna a ɗakinta na cikin gidan, zaune bakin gado tana matsa gwiwa.

"Inna, wa ya ɗaure fis?"

"Ni ce. Ruwan gashin ƙafa nake ɗorawa, abin sai yankewa yake. Haka babanku yake ɗaurewa, ba a taɓa samun komai ba."

"Lokacinsa ƙwan lantarki biyu ne a gidan, Inna."

"Lissafin naki zai fito da Auta?"

"Zai fito da shi."

"Ni kuma fa?"

Malama ta fashe da kuka. Inna ta laluba mayafinta, ta dafa bango ta miƙe da ƙyar.

"Ɗan nan," ta ce wa Sajan, "ka yi tafiya a hankali, ba na iya sauri."